FASHIN BAƘI: Yadda Tsofaffin Hotunan Gida ke Salwanta, da Yadda Za a Ceto Tarihin da ke Cikinsu

Ranar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri, ambaliyar da birnin bai ga irinta ba tun 1994. Ruwan ya shiga fadar Shehun Borno da babbar kasuwar birnin da asibitin koyarwa na jami'a, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da muhallansu. Bayan ya janye, hukumomi sun ƙirga rayuka da gidaje da gadoji da gonaki.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin ba. Ruwan da ya haura tagogi bai ƙyale akwatin da ke ƙarƙashin gado ba, kuma a cikin irin wannan akwati ne yawancin gidaje ke ajiye hoton ɗaurin aure, da na ranar suna, da na saukar karatu, da katin sakamakon firamare, da wasiƙar da mahaifi ya aiko daga wurin aiki shekara 40 da suka wuce. Gida ana sake gina shi, katifa ana sayen wata, amma hoton kaka guda ɗaya tilo idan ya narke, ya tafi ke nan.

Ambaliya dai hanzarta abin ta yi. Ko ba ruwa, ko ba gobara, tsofaffin hotunan gidajen Arewa suna mutuwa a hankali ta hanyoyi biyu: takardar tana lalacewa, kuma mutanen da suka san fuskokin da ke jikinta suna ƙarewa. Ta biyun ta fi sauri, kuma ita ce aka fi sakaci da ita.

Mene ne kundin tuna baya?

Littafi ne da ake jera hotuna da ƙananan takardun rayuwa a cikinsa, a rubuta bayani a gefen kowanne: wane ne wannan, a ina aka ɗauka, a wace shekara, me ya faru a ranar. Bambancinsa da albam ɗin da aka saba gani a falo shi ne rubutun. Albam yana nuna fuska kawai, sai an sami wanda zai zauna ya yi bayani. Kundi kuwa yana ɗauke da bayaninsa ko bayan mai bayanin ya kwanta dama.

Al'adar ta bunƙasa a Ingila da Amurka a ƙarni na 19, lokacin da mutane ke yanko labaran jarida da katuna suna liƙawa a littattafai. Ta yi kasuwa har marubucin nan Mark Twain ya yi rajistar mallakar wani littafi mai gam a shafukansa a 1873. Sai dai tushen abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Malamai sun daɗe suna rubuta ranar haihuwar 'ya'ya da ta rasuwar manya da ajami a gefen littattafansu ko a takardar da ake sakawa cikin gafaka. Sabon abu kawai shi ne haɗa wannan rubutu da hoto a wuri guda.

Me ya sa batun ya wuce sha'awa?

A ƙasashen da gwamnati ke rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa, kundin gida ado ne. A Najeriya sau da yawa shi ne kaɗai shaidar da ta rage. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin 100 ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa rajistar haihuwa. Wani binciken na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da UNICEF a 2021 ya kai adadin kashi 57. An samu ci gaba, amma wannan lissafin yaran yanzu ne. Iyayensu da kakanninsu da dama ba su taɓa shiga wata rajista ba, shi ya sa takardar rantsuwar shekaru ta kotu ta zama ruwan dare, shi ya sa kuma ake yawan cin karo da masu ranar haihuwa 1 ga Janairu.

Makaranta ma ba ta cike giɓin ba. An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da mayar da shi a hukumance. Ke nan akwai matasan da suka yi karatunsu na farko kaf ba a koya musu tarihin ƙasarsu a matsayin darasi mai zaman kansa ba. Yawancin abin da suka sani game da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ko farin farkon shekarun 1970, ko rikicin Maitatsine na Disamba 1980 a Kano, daga bakin manya suka ji shi, in ma sun ji.

Ko a inda aka rubuta tarihin, na sarakuna da gwamnoni ne ya fi yawa. Abin da ya sa littafin Baba ta Karo ya zama abin dogaro ga masana har yau shi ne ƙarancin irinsa. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wannan dattijuwa a ƙasar Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta: yarintarta, da harin masu kamun bayi, da zuwan Turawa, da aure da ƙawance da zaman gida. Baba ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954. Da an yi jinkirin shekara biyu kacal, da babu shi. Kowace unguwa tana da irin Baba, abin da ya yi ƙaranci shi ne mai zama da alƙalami a gabanta.

Idan mutum ya ɓata

A Arewa maso Gabas, hoto ya tashi daga abin tunawa ya koma kayan neman mutum. A 2019 ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa ta ce kusan mutum 22,000 ne aka yi rajistar ɓacewarsu a wurinta a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin, kuma kusan kashi 60 cikin 100 yara ne sa'adda suka ɓata. Duk wanda ya je cigiya, tambayoyin da zai fara fuskanta su ne cikakken suna, da shekaru, da wata alama a jiki, da wurin da aka yi ganin ƙarshe, da hoto in akwai. Uwar da ta gudo daga ƙauye da zanin jikinta kawai ba ta da na ƙarshen, kuma yaron da ya ɓata yana ɗan shekara bakwai, yau saurayi ne da kamanninsa suka sauya.

Abin da ya biyo bayan sace ɗalibai 276 daga makarantar sakandaren 'yan mata ta Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014 ya nuna nauyin ƙananan kayan gida. A makonnin farko an sami masu shakkar ko an ma sace kowa. Cikin abubuwan da suka ba adadin fuska har da aikin mai ɗaukar hoto Glenna Gordon, wadda ta ɗauki hotunan kayan da 'yan matan suka bari: kayan makaranta, da littattafan rubutu, da hotunan da iyaye suka ajiye. Daga baya kuma, bayan sakin 82 daga cikinsu a Mayu 2017, duniya ta san cewa wasu sun riƙa rubuta abin da ke faruwa da su a asirce cikin littattafan rubutu, suna ɓoyewa a jikinsu. Daga wannan rubutu ne aka sami bayanin cewa maharan sun je makarantar ne da nufin ɗaukar injin buga bulo, kafin su yanke shawarar tafiya da ɗaliban. Littafin rubutu na ɗalibai ya riƙe abin da babu wani rahoton hukuma da ya riƙe.

Me ke cinye hotuna?

Fuskar hoton da aka wanke a situdiyo tana da wani siririn shafi na sinadari mai kama da ƙaro, wanda ake samu daga fata da ƙashin dabbobi. A cikinsa hoton yake zaune. Wannan shafi yana shan danshi, sai ya kumbura ya yi danƙo, hotuna su manne da juna ko da gilashin firam. Fumfuna ma abincinta ne. Damina kan jiƙa shi, hunturu ya busar da shi, zafin bazara ya gasa shi a ɗakin kwano, kuma wannan kai-komo na shekara da shekaru shi ke sa hoto ya nannaɗe ya tsattsage.

Hoton baƙi-da-fari ya fi jure wahala, domin da ƙwayoyin azurfa aka yi shi. Mai kala kuwa rini ne kala uku a jere, kuma ba tare suke kodewa ba. Idan ɗaya ya riga sauran gudu, sai hoton ya rine ya koma ja-ja ko ruwan ƙasa. Abin da ya sa ke nan hoton kaka na shekarun 1960 kan fi na uwa na shekarun 1980 fitowa tas.

Sauran ɓarnar da hannu ake yin ta, kuma da kyakkyawar niyya. Albam mai shafi mai danƙo yana riƙe hoto har ya ƙi ɓamɓaruwa, gam ɗinsa kuma ya bar layuka a bayansa. Salatif yana rawaya ya bar tabo. Tawadar biro tana huda takarda ta ɓullo ta gaba. Liƙe hoto da leda a injin zafi, wanda mutane da yawa ke ɗauka kariya ce, aiki ne da ba a warware shi, kuma masu adana kayan tarihi ba sa yi wa takardar asali haka. Sai gara da kyankyaso da ɓera, waɗanda ba su san hoton Hajiya da tsohuwar jarida ba.

A da akwai madogara: fim ɗin da mai hoto ke ajiyewa a shagonsa, wanda za a iya sake wanke hoto daga jikinsa. Zuwan kyamarar zamani da wayar hannu ya rufe yawancin irin waɗannan shaguna, har kamfanin Kodak kansa ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Darajar abin da ke cikin shagunan ta fito fili a wasu ƙasashen Afirka. Hotunan da Seydou Keïta da Malick Sidibé suka ɗauka wa talakawan Bamako yau suna manyan gidajen tarihi na duniya, haka ma ana nuna na Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki rayuwar Yamai bayan samun 'yanci. A Bangui kuwa, lokacin rikicin 2014, 'yan wawaso sun fasa gidan mai hoto Samuel Fosso, suka watsar da dubban finafinan hotunansa a ƙasa, sai da wasu 'yan jarida da ma'aikacin kare haƙƙin ɗan Adam suka tsince su suka kwashe. Na Fosso sun tsira saboda sunansa sananne ne. Mai hoton bakin tasha ba shi da mai tsince masa.

Ba waya ta magance matsalar ba?

Ta rage wata, ta kawo wata. Yaron da aka haifa bayan 2010 yana iya samun hotuna fiye da na dukan kakanninsa a haɗe, amma kusan duka suna cikin na'ura guda da za a iya ƙwacewa a bakin titi, ko ta faɗa ruwa, ko memorinta ya lalace. Hoton da aka tura ta WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ta rage masa inganci, sai fa in an tura shi a matsayin fayil.

Rumbunan intanet ma na kamfanoni ne, da dokokinsu. Tun Disamba 2023 Google ya fara aiki da ƙa'idar da ta ba shi damar goge asusun da aka shekara biyu ba a taɓa ba, har da hotunan ciki. A 2019 MySpace ya amsa cewa ya yi asarar waƙoƙi da wasu fayilolin da mutane suka ɗora cikin shekara 12. A gida kuma, an dakatar da Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, an kuma katse layukan sadarwa a Zamfara a Satumba 2021. Ga matsalar layin waya: idan aka rufe shi ko aka sayar wa wani, lambar da ake dawo da asusu da ita ta tafi. Idan mai asusun ya rasu ba wanda ya san kalmar sirrinsa, hotunan suna nan amma babu mai isa gare su.

Daga ina ake farawa?

Daga mutum ake farawa, kafin takarda. Matakin farko shi ne a ɗauki hotunan a kai wa wanda ya fi kowa shekaru a dangi, a kunna rikoda ta waya da izininsa, a miƙa masa ɗaya bayan ɗaya. Tambaya mai buɗewa ta fi amfani: wa ya kai ku wurin mai hoton, wa ya ɗinka wannan riga, ina wannan yarinya ta gefe take yanzu? Gwaggo da inna sukan riƙe abin da maza suka manta, musamman sunayen yara da dangantakar aure.

Na biyu, a rubuta suna cikakke. "Baba da abokinsa" ba zai amfani jika ba. A sa sunan yanka, da laƙabin da aka fi sani, da sunan mahaifi, da gari. Wannan yana da muhimmanci a al'adar da alkunya ke hana faɗin sunan ɗan fari ko na miji, har mutum ya rayu ya mutu jikokinsa ba su san sunansa na gaskiya ba. In za a rubuta a bayan hoto, a yi da fensir mai laushi, a gefe, ba tare da dannawa ba.

Na uku, a bambanta abin da aka tabbatar da abin da aka ji. A rubuta wanda ya ba da bayanin da ranar da ya bayar. Idan mutum biyu sun saɓa, a rubuta duka biyun. Ƙa'idar aikin jarida ce, kuma ita ke sa kundi ya zama abin dogaro.

Na huɗu, a ɗauki kwafi. Na'urar sikana ta fi, a kan ma'aunin 600 ga ƙananan hotuna, 300 ga manya. In babu, waya ta wadatar: a shimfiɗa hoton a inuwa mai haske, a kashe fitilar kyamara, a ɗauki gaba da baya. A ajiye kwafi uku, a na'urori iri biyu, ɗaya a wani gari daban. Ɗan'uwan da ke zaune a nesa shi ne ma'ajiyi mafi sauƙi.

Na biyar, kwafin ake liƙawa a kundi. Na asali a sa shi a ambulan na takarda mai kyau, cikin akwati mai murfi, a ɗora a sama, nesa da bango mai danshi da rana.

Gidan da ba shi da hoto ko ɗaya, saboda rashi ko gudun hijira ko fahimtar addini da ta sa iyaye suka guje shi, bai fita daga wannan aiki ba. Katin awo na asibiti, da allon sauka, da rasit, da zanen taswirar tsohon gida da hannu, da muryar kaka tana ba da labari, duk suna cika shafi.

Idan ba a san shekarar ba fa?

Manya ba su cika riƙe lamba ba, amma suna riƙe abin da ya faru. Wannan ma'auni ne mai kyau idan aka san kwanakin. An kashe Sardauna a Janairu 1966. An koma tuƙi ta hannun dama a Afrilu 1972. Naira ta maye gurbin fam a Janairu 1973. An kashe Murtala a Fabrairu 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. An sauya launin kuɗi a Afrilu 1984, kuma a Nijar yunwar wannan lokaci har laƙabin El-Buhari aka yi mata saboda rufe iyaka. An yi babban husufin rana a Maris 2006.

Hoton kansa yana da alamu. Hatimin situdiyo a baya yakan ɗauki adireshi, kuma sunan jiha yana iyakance lokaci: babu jihar Katsina kafin 1987, babu Jigawa da Yobe da Kebbi kafin 1991, babu Zamfara da Gombe kafin 1996. Lambar mota, da kalandar bango, da yayin atamfa, duk shaidu ne. In an kintata, a rubuta cewa kintace ne.

Idan ruwa ya riga ya taɓa su

Kada a zubar, kada kuma a shanya a rana. Fumfuna kan fara cikin kwana biyu, don haka gaggawa ake bukata. A ɗauki hoton kowanne da waya tukuna, ko da ya ɓaci. A ɗauraye laka da ruwa mai tsabta mai sanyi ba tare da goga fuskar ba, a shimfiɗa su ɗaya-ɗaya fuska sama a inuwa mai iska. Waɗanda suka manne kada a fizge su, a jiƙa su a hankali har su saki. Wanda kalarsa ta fara narkewa kuwa, kada a ƙara masa ruwa.

An gwada wannan a babban mataki. Bayan igiyar ruwan da ta afka wa Japan a Maris 2011, masu aikin sa-kai a garin Yamamoto sun wanke hotuna kusan 750,000 da aka tsinto daga ɓaraguzai, suka ɗauki kwafinsu, suka jera domin masu su su zo su gane. An ɗauki mayar wa mutane hotunansu a matsayin wani ɓangare na farfaɗowa daga bala'i.

Abin da bai kamata a wallafa ba

Adanawa daban, bazawa a intanet daban. Hoton mace a cikin gida, da na yaro, da na wanda ya taɓa zama a hannun 'yan bindiga, duk suna iya jawo wa mai su tsangwama ko haɗari. Takardun da ke ɗauke da ranar haihuwa da sunan mahaifiya kuma kayan aikin 'yan damfara ne. Dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023 ta tanadi neman amincewar iyaye ko masu riƙo kafin sarrafa bayanan yaro. A cikin dangi ma ladabin bai canza ba: a tambayi mai hoton, in ya rasu a tambayi magadansa.

Ina hukumomi?

Akwai wuraren adana tarihi, irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda aka kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna, da reshen ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a garin, da Gidan Makama a Kano. Ƙarfinsu ya fi karkata ga takardun mulki da na manyan mutane. Wani ɓangare na giɓin matasa ne ke cike shi: Archivi.ng yana mayar da tsofaffin jaridun Najeriya zuwa intanet, Fati Abubakar kuma ta fara Bits of Borno a 2015 domin nuna rayuwar yau da kullum ta mutanen da duniya ta san su da labarin bam kawai.

Akwai tambayoyin da suka dace a yi wa gwamnatocin jihohi: ko ɗakunan karatu na jiha za su iya ajiye na'urar sikana da jama'a za su yi amfani da ita, ko shirin agajin gaggawa zai haɗa da ceto takardu da hotuna, ko za a sayi finafinan tsofaffin masu hoto kafin magada su zubar. Duk ba su kai kuɗin kilomita ɗaya na titi ba.

Amma babban ɓangaren aikin ba ya jiran kasafin kuɗi. Fensir ne, da littafi, da yammaci guda a gaban tsohuwar da ta san kowa a cikin hoton. Hausawa na cewa waiwaye adon tafiya. Ga gidan da hoton kakansa ke cikin akwati babu suna a bayansa, lokacin waiwayen yana da iyaka, kuma iyakar ita ce ran mutum na ƙarshe da zai iya duba fuskar ya ce wane ne.